Gigabait Talatin da Ɗaya

Kwamfutar shagon ɗinkin Yaya ta yi nauyi. Ita ce ke tura zane zuwa keken surfani, amma yanzu duk abin da aka ba ta ajiya sai ta ce babu wuri. Ranar Asabar da safe Yaya ta kira ƙaninta. Shekararsa arba'in da biyu, amma Injiniya ake ce masa a gida, tun da ya kwance rediyon babansu yana yaro ya kasa mayarwa.

"Ka lallaɓa ta," in ji Yaya, allura a bakinta. "Kada ka yi mata irin ta rediyo."

Ya yi dariya, ya ture ƙyallayen da ke kan tebur ya zauna. Kwamfutar ta jero masa tarkacen da take riƙe da shi: fayilolin wucin gadi, ragowar sabuntawa, kwandon shara. Can ƙasa ga wani ƙato, tsohon tsarin aikin kwamfutar da ya saura tun lokacin da aka ɗora mata sabo. Shi kaɗai ya cinye gigabait talatin da ɗaya.

"Wannan fa, kina da wani abu a ciki?"

"Ni me na sani a ciki? In shara ce ka share."

Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna eh. Kafin ya gama shan shayinsa ta koma kamar sabuwa, ya tafi yana cika baki.

Bayan kwana goma Yaya ta buga masa waya. Ko gaisuwa babu.

"Injiniya, ina muryar Mama?"

Bai gane ba, sai da ta yi masa bayani. Mahaifiyarsu ce ta kafa shagon. A shekararta ta ƙarshe, da idonta ya mutu, takan zauna bakin taga tana faɗa wa Yaya yadda ake yankan kowace irin riga, daga nan ta zarce da labaran ƙuruciyarta. Yaya ta riƙa naɗar hirar a kwamfuta, har ta kai kusan awa tara. Tun rasuwar Mama ba ta iya saurare ba, shi ya sa ba ta lura cewa duk suna cikin tsohon tsarin ba. Shi kuwa bai ma san an yi ba. Ta so ta fara ji ita kaɗai, sannan ta ba shi.

Suka ɗauki kwamfutar zuwa wurin wata mai gyara, a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene. Kwana biyu tana fama. Da suka koma ta cire tabarau ta murza ido.

"Da a ranar kuka kawo, da wataƙila. Amma kun ɗora sabbin zane a kai. Abin da na tsamo ke nan."

Daƙiƙa arba'in ne. Ƙarar keke, tari, sannan muryar Mama: "Ba haka ba. Ki bar masa yatsa biyu a hammata, ai mutum yana ƙiba." Ta fara dariya, sai abin ya yanke.

Yaya ta sa aka maimaita sau huɗu. A hanya ita ta rungumo kwamfutar, ta hana shi riƙewa.

"Yaya, ki yi mini faɗa mana."

"A kan me? Ni na ce ka share."

Mako uku bai taka shagon ba. In ya zo layin sai ya kewaya ta bayan wani kanti. Ran nan da rana tsaka ta kira shi, yana jin keke na aiki a bayanta.

"Na fara manta yadda Mama take kiran sunana," ta ce. "Kai kana tunawa?"

Ya gyara murya ya gwada kiran sunan irin na Mama. Ya sake gwadawa, ya ja ƙarshen.

"Kusa da haka ne," in ji ta. "Ka zo gobe. Ka daina kewaye mini shago, ina hango ka ta taga."