Ɓera Bakwai Sau Saba'in

Gan Thiam-ong ya shekara saba'in da huɗu a duniya bai taɓa haɗa magana guda da harshen Mandarin, Sinancin hukuma da makaranta, da son ransa ba. Yana aji uku malami ya ji shi yana yaren gida a filin makaranta, ya rataya masa allo a wuya, ya wuni da shi har aka tashi. Da ya koma gida ya ce wa uwarsa shi da makaranta sun raba hanya. Ya shiga tafkunan kifin ubansa a bakin teku, kudu da birnin Tainan a tsibirin Taiwan, kuma a nan ya tsufa. Karatu a coci ya koya, da Littafi Mai Tsarki na yaren Taiwan wanda aka rubuta da haruffan boko. Ya haddace abin da ya haddace, har aka naɗa shi dattijon coci.

Matar ɗansa, Dongmei, daga lardin Shandong na ƙasar China aka auro ta, can ƙetaren ruwa, kuma a lokacin ba ta jin komai sai Mandarin. Ranar walimar auren, da giyar shinkafa ta ɗan hau masa kai, Gan ya karkata wajen maƙwabcinsa ya ce da yaren gida ai ɓera ne ya samu ƙofar rumbu. Amarya tana tsaye da butar shayi a bayansu. Ba ta gane ba, amma ta riƙe sautin a ka, bayan shekara guda ta tambayi wata mai sayar da kayan miya ma'anarsa. Matar Gan, Siu-khim, ita ta kawo masa wannan labari. Shekara goma sha ɗaya Dongmei tana ajiye masa kwanon shinkafa, ta ce "Baba," shi kuma ya gyaɗa kai. Iyakar hirarsu ke nan.

A sanyin bara ɗan nasa, Bun-liong, ya kwanta ciwo, Dongmei ta yi jinyarsa wata biyar har ya cika a hannunta. Yanzu ta sayi tikitin komawa wurin uwarta, ita da 'yarta, saura mako uku. Gan ba ya neman hana ta tafiya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kada ta haye ruwan nan da wannan ɓera a zuciyarta, bai nemi gafararta da harshen da take mafarki da shi ba.

Duk Laraba da hantsi, matan da aka auro daga ƙetare sukan taru a ɗakin bayan coci, su takwas, Fasto Ang yana yi musu nazarin Littafi da Mandarin. Gan ya je ya roƙi a ba shi Laraba ɗaya, ta ƙarshe kafin tafiyar. Fasto ya dube shi ya sake dubawa, sannan ya tambayi wane darasi. Ya ce wurin da manzo Bitrus ya tambaya sau nawa mutum zai yafe wa ɗan'uwansa.

Fasto ya tsamo masa kalmomi talatin, ya karanta masa, shi kuma ya rubuta kowacce da haruffan boko yadda kunnensa ya ji, a bayan yagaggun ganyen kalanda. Da suka zo kan kalmar gafara, wato *raushu*, Fasto ya zana masa ita da rubutun China ya rarraba masa gaɓoɓinta: ga alamar abinci a gefe, ga mace, ga baki, ga zuciya a can ƙasa tana ɗauke da su. Gan ya daɗe yana kallon takardar. Abinci, mace, baki, zuciya. Sai ya ga kamar wanda ya ƙago kalmar ya taɓa zama a teburin gidansa.

Ya bi gefen tafki ya ɗaure takardun a jikin gorar shinge, kowace gora da kalmarta. In ya fito watsa wa kifi abinci sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa da ƙarfi: zunubi, ɗan'uwa, alheri, gafara. Kifayen su taso su buɗe baki a saman ruwa, shi a ganinsa amsawa suke yi. Iska ta tsinke masa "tuba" ta jefa a ruwa, ya shiga har gwiwa ya tsamo.

Siu-khim, wadda ta koyi nata Mandarin a wasan kwaikwayon talabijin, ita ke karɓar hadda bayan abincin rana.

"Tsoho, muryarka kamar injin ban ruwa. Sake."

"Ke kuma malamar wa? Abin da kika iya bai wuce ‘ina sonka' da ‘sake ni' ba."

"Su ma sun fi naka. Sake."

Ya sake, ta ce ya yi. Abin da ba su sani ba, harshensu iri ɗaya ne. Mutanen wannan yanki ba sa naɗe harshe. Inda Mandarin ya ce *ra* sai su ce *la*, inda ya ce *shu* sai su ce *su*. Gafara *raushu* ce, ɓera kuma *laushu*. A bakin Gan da kunnen matarsa duka biyun *lausu* ne.

Ranar Laraba ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Fasto ya gabatar da shi ya fita don kada ya takura masa. Dongmei tana kujerar ƙarshe kusa da taga, jakarta a cinya. Gan ya fara a hankali, yana bin takarda da yatsa. Ya ce Bitrus ya tambaya sau nawa zai yi wa ɗan'uwansa ɓera. Wata ta sunkuyar da kai. Ya ce Bitrus ya tambaya ko ɓera bakwai ya isa, aka ce masa a'a, sai ɓera bakwai sau saba'in. Kafaɗun matan suka fara rawa. Wata mai ƙiba, matar mai gyaran babur, ta raɗa wa ta kusa da ita cewa to wace kyanwa za ta iya da su. Gan ya ɗauka lafazinsa ne kawai ke ba su dariya, kuma ya riga ya shirya wa wannan. Ya ajiye takardar, ya fuskanci kujerar ƙarshe, ya faɗi jimlar da ya fi kowacce maimaita wa kifi.

"Dongmei, ina roƙonki ki ɓera ni."

Dariyar ta ɗauke, domin babu wadda ba ta san tsohon labarin walimar ba. Matar mai gyaran babur ta matso ta gaya masa da yaren gida, a hankali, abin da yake ta faɗa tun ɗazu. Gan ya ji wuyansa ya yi nauyi kamar an sake rataya masa allon nan. Duk kalmomin duniya, sai wannan. Ya zauna, ya shiga ninke ganyen kalanda ƙanana-ƙanana.

Dongmei ta taso ta tsaya gabansa. Da ta buɗe baki, yaren gida ne ya fito, tsaf, har da karin mutanen bakin teku.

"Baba, naɗe harshenka sama. Kamar za ka taɓa ganɗa. *Rau*."

Ya ɗaga kai yana kallonta. Ya tambaye ta tun yaushe take jin yarensu. Ta ce an fi shekara takwas, ba a dai taɓa tambayarta ba.

Ya naɗe harshe iya ƙarfinsa. "*Lau*."

"Har yanzu ɓera ne."

Ya sake, ɓera. Ya sake, ɓera mai ƙaton kai. Idonta ya kawo ruwa, tana kuma danne dariya.

"Bar shi haka, Baba. Na ji tun na farko. Na yafe." Ta karɓi takardar daga hannunsa ta warware ninkin, ta ga alamomin nan huɗu da Fasto ya zana, ta sa a jakarta. "Amma ba zan bar ka kana koya wa mutane ɓera a coci ba."

Ta tafi a ranar da ta sa. Sai dai duk Laraba da hantsi wayar Siu-khim takan yi ƙara, ta bi gefen tafki da ita tana kiran tsoho ya zo malamarsa na jira. Gan ya goge hannu a wando, ya tsaya jikin gorar da ya cire wa takardar gafara, ya naɗe harshe. Daga can Shandong a ce masa ya kusa, ya sake. Kifaye kuma su taso su buɗe baki.