Dokar Ɗakin Norkys

Norkys ba kurma ba ce. Daga bakin titi tana iya jin ƙarar mai idan ya fara tafasa a kasko. Amma a ɗakin da take haya a birnin Manaus na Brazil, da zarar 'yarta Dubraska ta buɗe baki da Fotugis, sai kunnuwan nan su toshe.

"Ban ji ba," za ta ce, ko waiwaye babu. "Faɗa da harshen uwarki."

Dabarar ba tata ba ce. Matan ƙasarsu Venezuela da suke sayar da arepa, wainar masarar gida, tare a tashar bas ne suka koya mata. Sun ce yaron da ya tashi a Brazil, in ba a yi masa kunnen uwar shegu ba, Sifaniyancinsa zubewa yake ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran yarinta. Norkys ta ga irin yaran da idonta, a gaban waya, kakanninsu na magana suna ta murmushin baƙunta. Abin da take tsoro ke nan. Ta bar gida, ta bar uwa, ta bar kabarin miji a garinsu Maturín, ta tsallako da jaririya a hannu. Ba za ta bar wa Brazil bakin 'yarta ba kuma.

Kowace Lahadi suna kiran Kaka Eufemia, mahaifiyar Norkys. A gidajensu yaro ba ya fara magana da babba sai ya nemi albarka, kuma wannan kam Dubraska ta iya shi tsaf.

"Sa mini albarka, Kaka."

"Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke. To 'yar Brazil, ba ni labari."

Yarinyar ta faro da Sifaniyanci, kafin ta kai ga daɗin labarin harshen ya sulale zuwa Fotugis. Tsohuwar ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar.

"Norkys, me take cewa ne? Mura take yi, ko haka suke magana ta hanci? Ke ma dai! Kin tafi min da jika, kin kunna min rediyon wata ƙasa."

Wasa tsohuwar take yi, amma maganar ta zauna wa Norkys a ƙirji. Da can dokar tana da sassauci, in yarinya na kuka ko yunwa ta ciyo ta. Daga ranar sassauci ya ƙare. Ko ruwa aka nema da Fotugis, ba ya zuwa.

Ita kuwa Dubraska, shekararta bakwai, surutu ne da ita kamar ba gobe. Sai dai duk abin da ke faruwa da ita, faɗan makaranta ne ko malamar da takalminta ya tsinke, da Fotugis yake faruwa, da shi kuma yake son fitowa. Ta shigo da gudu da labari a baki, a ce ba a ji ba. Ta tsaya laluben kalmomi, kafin ta haɗa su labarin ya huce. A hankali ta daina shigowa da gudu. Abin da ya rage mata a ɗakin bai wuce neman albarka, da ina jin yunwa, da na ƙoshi, da na gode ba, kuma duk da Sifaniyanci mai tsabta.

"Ni kam na kori Fotugis daga ɗakina," Norkys ta faɗa wa matan tasha tana juya arepa. Gaskiya ta faɗa. Ba ta dai duba abin da ya bi shi ya fita ba. Wauta ce, wautar mai ƙauna, kuma irinta ta fi wuyar ganewa.

Bayan makaranta yarinyar tana zama wajen Dona Socorro, tela, maƙwabciyarsu 'yar Brazil. Wani lokaci Norkys ta dawo da wuri, ta ji muryar 'yarta ta bango tana zuba, har ta danne ƙarar keken ɗinki. Kishi ya kama ta, ta ƙara ɗaure fuska.

Wata safiya Dubraska ta tsaya a bakin ƙofa da jakar makaranta, hannu dafe da gefen ciki na dama. Ta ce da Fotugis, a hankali, "Mama, nan yana min ciwo, kamar ana soka min abu."

Norkys ta ji kowace kalma. Ta ɗauka ƙiwar makaranta ce, kuma in ta amsa yau, gobe doka ta rushe.

"Ban ji ba."

Yarinyar ta buɗe baki, ta rufe. Sannan ta ce da Sifaniyanci, "Ba komai. Sa mini albarka, Mama."

"Allah ya yi miki albarka."

Kwanaki kaɗan bayan haka, rana tsaka, Dona Socorro ta kira Norkys a waya tana haki. "Maƙwabciya, bar kaskon nan ki zo asibiti. Yarinya ta faɗi, jikinta kamar wuta."

Likita ya ce afendis ne, kuma ya riga ya fashe. Ya dubi Norkys ya tambaya tun yaushe ciwon ya fara. 

"Tun makon jiya, likita," in ji Dona Socorro. "Daga cibiya ya faro, ya gangaro dama. Shekaranjiya ta yi amai. Kullum tana faɗa min, ina dafa mata ganyen shayi." Ta juyo a ruɗe. "Maƙwabciya, na rantse na ɗauka kin sani. Ta ce ta gaya miki."

 Norkys ta zauna a benci, hannuwanta na warin mai, har aka gama aiki. Likita ya ce an ci sa'a, da an ƙara jinkiri da gawa za su ɗauka.

Da yarinyar ta farfaɗo, matan biyu suna gefen gado, ɗaya dama ɗaya hagu. Norkys ta sunkuya, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka yaye Dubraska. Ta yi mata magana da Fotugis, irin nata na tasha, mai gargada.

"'Yata, ina ke miki ciwo? Faɗa min. Da kowane harshe. Ina ji, wallahi ina ji."

Dubraska ta dube ta da idanu masu nauyi, ta daɗe, kamar mai tunanin ko tarko ne. Sannan ta lashi busassun leɓɓanta.

"Sa mini albarka, Mama," ta ce da Sifaniyanci, babu kuskure ko ɗaya. "Ba abin da ke min ciwo. Na gode."

Norkys ta sa albarkar.

Yarinyar ta juya kanta a hankali zuwa ɗaya gefen. Ta kama ɗan yatsan Dona Socorro, ta jawo shi kusa da inda aka ɗinke, ta fara raɗa mata da Fotugis, ƙasa-ƙasa, don kada Mama ta ji.