Dogon Gwaggo

"A hankali, kai! Buhun siminti ka ɗauko ne?"

Muryar Gwaggo ce, ta dishe amma ba ta daina ba da umarni ba. Tela ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, ta janye labulen tagarta da yatsa ɗaya. Ga ɗanta can, Dogo, ya fito daga gidan da ke kallon nasu, ya rungumo kujerar roba da tsohuwar a cikinta, yana takawa kamar mai ɗauke da faifan ƙwai.

"Ai siminti ya fi ki nauyi, Gwaggo," in ji shi. "Ke yanzu ko iska sai ta bi ki a sannu."

"Ɗan banza. Ajiye ni inda zan ga kango."

Ya ajiye ta a gindin bango, ya gyara mata matashi a baya, ya durƙusa ya sa mata takalmin da ya zame. Matan layin sun riga sun jera kujerunsu, wannan da tiren wake tana tsinta, waccan da kan jikarta a cinya tana kitso. Matar mai gyaran rediyo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Dogon Gwaggo."

Tela ta saki labulen.

Da can ba haka ake kiransa ba. Lokacin da yake kwana a kangon da ke ƙarshen layi, shi da su Ƙwaro, suna shan abin da suke sha suna tare 'yan makaranta, sunansa ɗan Tela. Waya ta ɓata, ɗan Tela. An fasa shagon mai magani, a tambayi ɗan Tela. Ita ce ta yi sintiri a ofishin 'yan sanda har masu gadin ƙofa suka san tafiyarta. Ita ce ta doke shi har hannunta ya gaji, ta yi kuka har idonta ya daina ganin ramin allura. Uban ya rasu ya bar mata shi, babu wanda ya taya ta jin kunyar. Yanzu da ya shiryu, ya zama Dogon Gwaggo.

Mazan layin sun taɓa gwada nasu ƙoƙarin a kan 'yan kangon. Suka sayi usur da gora, suka raba wa juna, aka ƙare da fasa kan ƙanen mai shayi, kowa ya koma gidansa. Gwaggo ba ta kira taro ba. Wata rana dai, daf da tashin makaranta, ta jawo kujerarta ta dasa a fuskar kangon, ta zauna tana yankan farce. Ta yi shekaru tana shara a asibitin haihuwa kafin ta ajiye aiki, don haka babu ƙaton da ke cikin kangon nan da ba ta ga ranar da aka fito da shi a zani ba. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Kai, mai jar hula, ba kai ne aka haifa da yatsa shida ba? Zo ka sayo min sabulu." Wa zai ƙwace waya a gaban matar da ta san yawan yatsunsa? Washegari mata uku suka fito, daga nan layi ya cika da kujeru. Kunya ta kama maza, suka haɗa hannu suka ja famfo bakin titi aka buɗe wurin wankin mota, aka ɗora Dogo a kai. Kangon bai mutu ba, Ƙwaro da 'yan kaɗan suna nan, amma 'yan mata sun koma wucewa suna hira.

Tela ba ta taɓa fitar da kujera ba. Da farko don ɗanta ake gadi. Daga baya kuma ta ce ɗinki ya yi mata yawa.

Da yamma Dogo ya shigo. Jin motsinsa, hannunta ya kai kan akwatin da take ajiye yadin mutane ya danna murfin, tun kafin ta yi niyya. Ya gani, ya kau da kai. Yana riƙe da wata shuɗiyar riga mai aiki a wuya.

"Umma, ta Gwaggo ce. Duk kayanta sun yi mata yawa. Ta ce ko za ki rage mata."

Rabon da ya roƙe ta wani abu har ta manta. Ga shi ya roƙa, kuma ba don kansa ba.

"Teloli sun ƙare a gari ne?"

"Ta ce ke take so."

"Ajiye can. Abincinka na nan a rufe."

"Na ci a wurin Gwaggo."

"Mara lafiyar ce ta tashi ta dafa?"

"Ni na dafa mana."

Ta kalli hannuwansa. Ba ta san sun iya riƙe ludayi ba. Ta buɗe baki, ita kanta ta san abin da zai fito ba mai daɗi ba ne, amma ya riga ta: "To Allah ya ba da lada. Mu da muka haifa sai mu ci hannunmu."

Ya ajiye rigar a kan akwatin ya fita.

Ba a rage riga da ka, sai an auna mai ita. Da hantsi ta rataya tef a wuya ta tsallaka layin, karo na farko tun da ciwon ya kwantar da Gwaggo. Ɗakin yana warin man zafi. Kwalaben magani a jere a bakin taga, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa, a bakin ƙofa kuma ga tabarma a naɗe da takalman roba na wankin mota. Nan yake kwana ke nan. A jikin ƙusa rigarsa ce rataye, an ɗinke maɓalli ɗaya da jan zare a kan farin yadi, ɗinki manya-manya, a karkace. Ɗan tela guda.

"Kin ga aikina?" Gwaggo ta ce daga kan gado. "Idon ya tafi. Kada ki yi min dariya."

"Da ya kawo min ai da na sa masa."

"Na ce ya kai miki. Ya ce in ya shiga ɗakinki ji yake kamar an kira ɓarawo shaida."

Tela ta sa allurai a baki don kada ta amsa. Ta tallafo tsohuwar ta zaunar, ta zagaya tef a ƙirjinta. Babu komai a wurin sai ƙashi da numfashi. Matar da muryarta ke kaiwa ƙarshen layi, ga shi hannu ɗaya ya isa ya riƙe ta.

"Matse sosai," in ji Gwaggo. "Ba na son in fita kamar an rataya riga a tsintsiya. In matar mai rediyo ta ga haka, har lahira sai ta biyo ni da labari."

"Ɗaga hannu."

"Kina jin haushina, 'yar nan."

"Ni? A kan me?"

"A kan ɗana."

Tef ɗin ya tsaya. "Ɗanki."

Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Tela ta ba ta ruwa, ta jira.

"Kin gani? Taɓa ki kawai na yi. Ni Allah bai ba ni ba, kin sani. Na wanke na mutane har bayana ya ranƙwafa, ban tafi gida da ko ɗaya ba. Da tsufa na samu aro, sai ki bar ni in yi taƙama ta."

"Mai aro yana mayarwa, Gwaggo."

"Mai kaya ma yana zuwa karɓa. Ke kin taɓa zuwa?" Ta lumshe ido, ta jingina. "Ni dai tafiya zan yi. Kango kuwa ba ya ciwo, ba ya tsufa. Yana nan yana jira."

Tela ta naɗe tef ɗinta. Ta so ta ce, kin same shi bayan na gama shan wuyarsa, kin tsinci dami a kala. Ta dubi wuyan tsohuwar, ta fasa. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta fita.

Rigar kuwa ta yi mata aikin da ba ta yi wa ta amare. Ta farke ta gaba ɗaya, ta rage kafaɗa, ta shigar da gefe, ta mayar da aikin wuyan yadda babu mai cewa an taɓa shi. Ba don ƙauna ba. So take a gani, a san akwai abin da hannunta ya iya wanda jan zare bai iya ba.

Ranar da Gwaggo ta sa ta, layi ya ɗauka. Dogo ya fito da ita a kujera, shuɗin yana ɗaukar ido, mata suna tafa hannu.

"Gwaggo, wa za a aura?"

"Mijinki, in kin yi sake."

"Kai, Dogon Gwaggo ya iya kula da uwa! Dubi yadda ya fito da ita tsaf."

Tela tana bayan labule tana jira wani ya tambayi wa ya yi ɗinkin. 'Yan makaranta suka wuce, inuwa ta juya, aka kwashe kujeru. Babu wanda ya tambaya.

Fitar Gwaggo ta ƙarshe ke nan. Bayan 'yan kwanaki, da safe, Tela tana shafa wa keke mai ta ji wani sauti daga gidan can, ba kuka ba, kamar an danne babban dabba. Ta san muryar, ta Dogo ce. Ta tsaya da kwalbar man a hannu. Ko ranar da uban ya rasu bai yi wannan ba.

Ta je ta yi abin da maƙwabta ke yi. Ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa, ta zauna cikin mata. Da maza suka dawo daga maƙabarta, sai ta ga mutane suna layi wurin ɗanta. Mai shayi ya riƙe hannunsa biyu. "Sai haƙuri, Dogo. Ka yi rashin uwa." Tana zaune kusa da su, tazarar taku kaɗan. Matar mai rediyo ta lura, ta yi saurin cewa, "Tela, ke ma sannu." Ta ce yauwa.

Washegari babu kujera ko ɗaya a layi. Mata suna gidan rasuwa, wasu kuma kamar sun rasa wanda zai fara fitowa. Wurin wankin mota a rufe, tiyo a yashe a ƙasa. Da azahar matar mai rediyo ta leƙo ta taga.

"Ba gulma na kawo ba. Na ga Dogo ya yi ƙarshen layi, shi da Ƙwaro."

Tela ta ce ta ji. Ta ɗauko wandon wani yaro ta sa a keke. Ta ɗinka, ta duba, layin ya karkace, ta farke. Ta miƙe ta ɗauki mayafi, ta isa bakin ƙofa, ta tsaya. In ta je me za ta ce? Duk abin da ta taɓa faɗa masa a bakin kangon nan ƙara tura shi ciki ya yi. Waccan tsohuwar da kalma ɗaya take fito da shi, a kan sabulu. Ta mutu ma ta fi ta. Ta ajiye mayafin ta koma kan keke, tana taka shi da ƙarfi don kada ta ji shirun layin. 'Yan makaranta suka wuce da sauri, babu mai hira.

La'asar ta yi sanyi sai ƙofa ta motsa. Dogo ya tsaya a bakin ɗakin, kansa yana kusan taɓa sama. Wandon jiya ne a jikinsa, da jar ƙasar maƙabarta a gwiwa, ga warin hayaƙin kango ya biyo shi. Hannunta ya tashi zai tafi kan akwati. Ta mayar da shi cinyarta ta danne da ɗayan.

Ya shigo ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafar keken.

"Na je kango, Umma."

Ta tsayar da keken.

"Ƙwaro ya miƙo min. Na karɓa. Na riƙe a hannu ina jira in ji ta ce, kai Dogo, zo nan. Na daɗe ina jira." Ya goge hanci da bayan hannu. "Babu wanda ya kira ni. Sai na ajiye masa na taso."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya kifa kai a gwiwa yana kiran Gwaggo, Gwaggo, kamar yaron da aka manta a kasuwa. "Yanzu ba ni da kowa," in ji shi.

Maganar ta zo mata har kan harshe, a shirye, da kaifinta: ni mutuwa na yi? Ta ji ɗacinta. Ta dubi ƙofar da ya bari a buɗe, ta dubi ƙeyarsa. Ta haɗiye, da ƙyar, kamar mai haɗiye ƙwaya babu ruwa.

"Ta iya da kai," ta ce. Muryar ba ta fito daidai ba. "Allah ya ji ƙanta."

"Amin."

Ta ci gaba da ɗinkin a hankali. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya. Can ta ji nauyi a ƙaurinta. Ya jingina kansa, bakinsa a ɗan buɗe, barcin kwana da kwanaki ya ɗauke shi.

Allura tana tsakiyar wandon, saura rabin ƙafa. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙaramar tayar keken ta tsayar da shi. Ƙafarta tana kan mataki, ta fara sagewa, ba ta janye ba.