Naƙudar da Ba Ta Ji Ba

Tun da mota ta kife da ita ƙashin bayanta ya karye, Malama ba ta ƙara jin komai ba daga ƙirji zuwa ƙasa. Koyarwa dai ba ta bari ba, yara ke zuwa gida tana yi musu darasi daga kan kekenta. Da ta samu ciki, maigidanta ya roƙi yayarta ta dawo gidan da zama, shi kuma ya ci gaba da fita aikinsa na gyaran wuta.

Ran nan da hantsi, da sauran makonni kafin lokacin haihuwar da asibiti suka ɗibar mata, tana kishingiɗe tana jin rediyo sai kanta ya sara. Ciwon ya taso kamar ana buga mata guduma a ƙeya, ya lafa, ya sake tasowa. Fuskarta ta ɗauki zafi, hanci ya toshe, gumi ya jiƙe mata wuya. Ta san wannan alamar: duk lokacin da robar fitsarinta ta lanƙwashe mafitsara ta cika, haka jikinta ke kawo mata ƙara. Sai ta kira Yaya ta zo ta duba robar.

Yaya ta shigo da kumfar wanki a hannu, tana mitar an hana ta sakat. Ta yaye bargon. Mitar ta tsaya cak.

Malama ta tambaye ta ko jini ne. Yaya ta girgiza kai.

"Ke, kan yaro ne. Ga gashi nan ina gani."

"Wane yaro?"

"Naki mana."

Malama ta yunƙura ta leƙa, tudun cikin ya tare mata. Ta dafa shi, ta ji a tafinta ya yi tauri kamar dutse, daidai lokacin da kanta ya sake sarawa. Ashe tun safe naƙuda take yi tana jin rediyo.

Yaya ta haifi nata, amma ba ta taɓa karɓar haihuwa ba. Ta kira maigidan ya taho da mota, ta jingina ƙanwarta da matasai ta zaunar da ita, ta wanke hannu ta durƙusa. Malama na kallon rufin ɗaki, ba ta san me ke gudana a jikinta ba sai abin da take karantawa a fuskar Yaya. Can sai kuka ya cika ɗakin. 'Ya mace ce, 'yar mitsitsiya.

A asibiti likitar da ta auna jininta ta yi musu bayani. Ta ce jijiyoyin da ke fitowa daga ƙasan laka su shiga mahaifa da mafitsara da hanji duk suna nan da ransu, saƙonsu ne ba ya tsallake wurin karayar ya isa ƙwaƙwalwa. Mahaifa kuwa ba ta jiran umarnin kowa idan lokacinta ya yi. Saƙon zafin da ya rasa hanya shi ya matse hanyoyin jini, jinin ya hau, kai ya ɗauki ciwo. Da ya ƙara hawa, in ji ta, da wata jijiyar jini ta iya fashewa a kanta. Maigidan ya nemi kujera ya zauna.

Aka ajiye jaririyar a kwalba na ɗan lokaci, sannan aka sallame su lafiya. Malama ta daɗe tana ɗaukar yarinyar tana ƙura mata ido, kamar wadda aka ba ajiya. Wata rana ta ce wa Yaya har yanzu ta kasa yarda daga jikinta wannan ta fito.

"To miƙo ta," in ji Yaya. "Dama ni na sha wahalar. Har yau gwiwoyina ba su dawo daidai ba."

Malama ta yi dariya, ta ƙara ƙanƙame 'yarta.