Kunun Cindo a Tsakiyar Gulbi

Idan mai cika baki kake nema a garin Kende, a shekarun nan da Nasara suka fara karɓar ƙasa, ba sai ka wahala ba, tambayi gidan Tasallah. Tsohuwa ce gajera mai ƙarfin murya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gona da ɗa ɗaya tilo, Ɗanmusa. Abin taƙamarta kuwa shi ne yaye. Yara goma sha ɗaya ta yaye da hannunta, na dangi da na maƙwabta, ko ba ka tambaya ba za ta jero maka sunayensu. Kuma a faɗi gaskiya, ta iya. A kawo mata yaro da safe yana tsala ihu, kafin la'asar ka same shi yana lasar ludayi ya manta da nonon uwarsa.

Sai dai duk cikin sha ɗayan nan babu jikanta ko ɗaya. Wannan ne ke ci mata rai, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ɗanmusa ya yi ta kai gero bakin gulbi yana musaya da busasshen kifi, har ya gano Sakinatu, 'yar Dandawa masunta. Aka yi aure, suka kafa bukka a tungar masunta, tafiyar hantsi daga Kende. Da Allah ya ba su ɗa namiji mai yatsa shida a hannun hagu, aka sa masa Cindo. Tasallah ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Tun ranar suna ta fara tanadin tsamiya da zuma saboda yaye, shekara biyu kafin lokaci.

To amma Cindo ba kaka ɗaya gare shi ba. Uwar Sakinatu, wata doguwar mace da ake kira Asama'u, ita ma ta ce nata ne. Garinsu kuma yana can sama da gulbi, wurin da Nasara suka zo suka kafa duwatsun iyaka, mutanen garin suka wayi gari an ce musu yanzu su mutanen Faransa ne. Can ɗin ana kama maza ana kai su aikin hanya, shi ya sa Ɗanmusa bai isa ya taka ba. Idan Cindo ya haye wurin Asama'u, Allah kaɗai ya san shekarar da za a sake ganinsa.

Aka yi ta kai da komo, har dattawan tunga suka raba gardama. A fara kai shi wurin kakarsa ta wajen uba, kwana uku. In ya ci abinci, nata ne har ya yi wayo. In ya ƙi ci har faɗuwar ranar kwana na uku, ta mayar da shi bakin gulbi, Asama'u ta tafi da shi.

Da Ɗanmusa ya kawo mata yaron da wannan sharaɗi, Tasallah ta yi dariya har da buga cinya.

"Kwana ukku? Ku dai kuna da ɓata lokaci. Kai wancan, tahi abinka." Ba ta kiran sunan Ɗanmusa, ɗan fari ne. "Ka ce ma surukarka ta kwance jirginta ta koma gida."

"Inna, yaron ga fa shina da nashi hali."

"Ni ma ina da nawa."

Ta ɗauki Cindo ta ɗora a cinya, ta dube shi sama da ƙasa. "Maigida, ashe ka tuna da matarka. To ga kunu, sha ka ba ni labari."

Cindo ya dubi ludayin, ya dubi tsohuwa, ya damƙe bakinsa kamar an ɗinke.

Tasallah ba ta damu ba, ta ga irinsu da yawa. Ta sauya kunun tsamiya da koko, ya kau da kai. Ta dama fura da nonon da Goggo Bafullatana ta kawo da ɗuminsa, ya ture ƙoƙon. Ta lakato zuma ta shafa masa a leɓe, ya goge da bayan hannu, da hannun nan mai yatsa shida, kamar an shafa masa maɗaci. Ruwa kaɗai yake sha. Ta goya shi ta zaga gida tana jijjiga, ya yi ta banƙarewa yana kuka har majanyi ya kwance.

Abin da ya fi ɗaure mata kai ya faru ne da azahar. Ta ajiye shi ta shiga ɗaki ɗauko garin gero, da ta fito ba ta gan shi ba. Can ta hango shi cikin babban masakin da take wanki, ya zauna daram a ɗan ruwan da ya rage, ya riƙe bakin masakin da hannu biyu, yana karkata shi hagu da dama. Ya yi shiru, har da ɗan murmushi.

Tasallah 'yar tudu ce, iyayenta da kakanninta manoma, abin da ta sani game da gulbi shi ne yana cin mutane kuma akwai masu zama a ƙarƙashinsa. Ta fizge yaron daga masakin tana salati.

"Ashe abin da anka yi ke nan. Mutanen ruwa na ka kiran shi."

Nan take ta kife masakin ta ɗora dutse a kai. Ta kwashe duk wata babbar ƙwarya ta jefa cikin rumbu, ta rufe randa da faifai biyu. Ta ruga wurin Malam Ma'azu ta karɓo laya da rubutun sha. Cindo ya sha rubutun, don ruwa ne, sannan ya je ya tsaya a gaban kifaffen masakin yana bubbuga shi yana kuka.

Kwana na biyu ya fi na farko muni. Maƙwabta suka yi ta shigowa, kowa da shawararta, kowa kuma da ɗan murmushin da take ɓoyewa a bakin zane. Wai yau Tasallah ce ake koya wa yaye. Ta kore su ɗaya bayan ɗaya, amma da gida ya yi shiru sai ta zauna ta dubi jikanta da kyau. Idanunsa sun faɗa, kukan ma ya rage ƙarfi. A nan cika bakin ya ƙare, tsoro ya shigo. Ta ji tana son yaron nan fiye da sunanta na gwanar yaye, fiye da komai.

Wata maƙwabciya ta raɗa mata cewa ta aika a ce ya ci, wa zai sani? Tasallah ta yi mata kallon da ya sa ta tattara zanenta ta fita.

Ran kwana na uku da hantsi, ba ta jira faɗuwar rana ba. Ta dama sabon kunu ta zuba a ƙoƙo, don ko a hanya Allah zai sa ya karɓa, ta goya Cindo, ta kama hanyar gulbi. Sau huɗu tana tsayawa a inuwa tana miƙa masa ludayi, sau huɗu yana kau da kai. Ta yi kuka a hanya, kuka sosai, amma kafin ta isa tunga ta share fuska ta gyara ɗaurin kallabi.

Sakinatu ta ɓuya a bukka, don ba a son yaron yaye ya ga uwarsa. Ɗanmusa na tsaye bakin ruwa. Asama'u kuwa na zaune a ƙarshen jirginta, filafili a kan cinya, tana cin goro.

"Fofo," in ji Asama'u, gaisuwar Dandawa, da ita kuma suke godiya. Hausarta kaɗan ce, tana tsinto kalmomi ɗaya-ɗaya. "Kakar Cindo. Rana bai faɗi ba."

"Na sani, kakar Cindo. Amma bai ci ba, kuma ba ni iya kallon shi haka. Ga shi nan, ki tahi da shi."

Asama'u ba ta miƙo hannu ba. Ta dubi ƙurar da ke ƙafafun tsohuwar, ta dubi ƙoƙon kunu, ta dubi yaron.

"Ina kike ba shi? Wane wuri?"

"Wane wuri kuma? Bisa tabarma, kamar kowane ɗan mutum."

"Tabarma," Asama'u ta maimaita. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta yi ta dariya har goro ya sarƙe ta. Ta juya ta yi wa Ɗanmusa magana da Dandanci, doguwar magana, tana nuna jirgi, tana nuna shi da yatsa.

Ɗanmusa ya sosa ƙeya. "Inna, cewa ta yi laihina ne da ban gaya miki ba. Ni ma ban lura ba sai yanzu. Tun da anka haife shi, uwarshi cikin jirgi take wuni, nan take ba shi nono, nan take ba shi kunu. Bai taɓa cin komi ba sai ƙasa tana motsi."

Masakin nan ya faɗo wa Tasallah a rai. Ashe yaron jirgi ya yi wa kansa, yana gaya mata abin da yake so da iyakar wayonsa, ita kuma ta kife ta ɗora dutse, ta rataya masa laya. Kunya ta kama ta har tafin ƙafa.

Yanzu kam magana ta ƙare, a ganinta. Asama'u ba ta da abin yi sai ta karɓi yaro, ta tura jirgi, ya sha kunu a hannunta kafin su kai iyaka. Amma doguwar matar sai ta matso da jirgin har ya taɓa yashi, ta buga katakon tsakiya da tafin hannu.

"Shigo."

"Wa? Ni?"

"Ke. Rana bai faɗi ba." Ta ɗaga yatsu tara. "Ni jika tara. Ke ɗaya. Shigo."

Jama'a, shekara sittin da 'yan kai Tasallah ta yi a duniya, ƙafarta ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ko rafin bayan gari in ya kawo ruwa, zagaye take yi. Ta dubi gulbin nan mai faɗi, ruwan yana tafiya a hankali kamar ba ruwansa da kowa. Ta dubi jirgin, ɗan kututturen icce da aka fafe.

"Kai wancan, abin ga ba ya kihewa?"

"Shina kihewa wani lokaci, Inna."

"Allah shi shirye ka. Wa ya tambaye ka gaskiya?"

Ta tattare zane, ta yi bisimilla sau uku, ta sa ƙafar dama. Jirgin ya karkata, ta kira sunan mijinta da ya shekara ashirin a kabari. Masuntan da ke gyaran komar kamun kifi a bakin ruwa suka bar aiki suka zo kallo. Da rarrafe ta ƙarasa tsakiya, ta zauna daɓas, amma ko ɗigon kunu bai zube ba. Asama'u ta kwance Cindo daga bayan Tasallah, ta zaunar da shi tsakanin ƙafafunta, fuskarsa na kallon gaba, ta nuna mata yadda za ta tokare shi da gwiwa. Sannan ta sa filafili ta tura.

Ƙasa ta ja baya. Tasallah ta runtse ido, hannu ɗaya ya damƙe bakin jirgi, ɗaya ya damƙe ƙoƙo, tana karanta duk abin da ta haddace har da wanda ba ta haddace ba. Jirgin ya shiga lilo a hankali, hagu, dama. Sai ta ji jikin yaron ya saki a tsakanin gwiwoyinta. Ya jingina da cikinta, ya yi ajiyar zuciya irin ta manya.

"Ba shi," in ji Asama'u.

"Da wane hannu?"

"Saki jirgi. Jirgi bai gudu."

Ta saki, da ƙyar, yatsa bayan yatsa. Ta buɗe ido ɗaya, ta ɗebo kunu, ta kai. Cindo ya buɗe baki ya shanye, ya sake buɗewa tun ba ta ɗebo ba.

Daga bakin gaɓa aka ɗauki sowa. Wata murya ta rangaɗa guɗa daga cikin bukka, Sakinatu ce da ke leƙe ta jikin zana. Tasallah kuwa hawaye ne ke zuba har cikin kunun, tana dariya tana zagin jikanta.

"Ja'iri, ɗan masunta. Kwana ukku kana wulaƙanta matarka gaban mutane. Sha, don ubanka, sha."

Ya sha ludayi bakwai, ya yi gyatsa. Asama'u ta ɓare guntun tarwaɗa mai banda, ta cire ƙaya, ba ta ba yaron ba, sai ta miƙa wa Tasallah ta ba shi da hannunta. Tasallah ta karɓa. Duk Hausar da ke bakinta ta gudu.

"Fofo," ta ce.

"Masaki," in ji Asama'u, tana kwatanta lilo da hannu. "A gida. Kwana bakwai, ya saba da tabarma. Ni zo in duba."

"Ki zo ki yi wata. Amma bisa tabarma za ki ci tuwo, na gaya miki."

Daidai nan wani babban jirgin fatake ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga su ta sauke. Tasallah ta saki ludayi, ta sake damƙe katako, ta runtse ido, ta datse baki gam. Ta ji wani abu mai ɗumi yana tunkuɗar leɓenta. Da ta buɗe ido, Cindo ne ya juyo, ya riƙe ludayin da hannunsa mai yatsa shida, rabin kunun ya zube a zanenta, yana tura mata sauran, ya ɗaure fuska yadda ta yi ta ɗaure masa kwana uku.

Tasallah, gwanar yaye ta garin Kende, ta buɗe baki ta sha.