Kantar Kicin ta Hajiya Muhsina

Shekara ashirin da uku Malam Sammani ya yi yana yankan dutsen giranit a Katsina, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Shi ya sa da Hajiya Muhsina ta gama ginin gidanta a Ƙofar Sauri, shi ta aika wa ya zo ya ɗora mata kantar kicin. Baƙaƙen duwatsu ne guda biyu da ɗanta ya aiko daga Legas, za a haɗa su a kusurwa.

Ya zo da ƙanensa Sagir, abokin aikinsa. Abin da Sagir bai sani ba, tun bayan azumi idon Sammani na dama ya daina gani. Ɓarɓashin dutse ne ya faɗa masa wajen yanka, ya wanke da ruwa ya ci gaba da aiki. Yanzu na hagun ma ya fara hazo. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Ya auna, ya sake aunawa, ya ja layi da alli. Ya ta da inji ya bi layin a hankali yadda ya saba. Suka ciccibi dutsen suka ɗora, Sagir har ya kwaɓa gam. Ta jikin bango bakin duwatsun ya haɗu, amma ta gaba sai ga giɓi, yatsa biyu na shigewa.

Sagir ya ce ƙila bangon ne ya karkace. Ya gwada, bango lafiya lau. Da ya duba guntun da aka yanke, sai ya ga layin allin a miƙe yake, injin ne ya kauce masa tun daga rabi. Ya daɗe yana kallon yayansa. Sannan ya kaɗa masa hannu ta gefen idon dama, dab da fuska. Sammani ko ƙiftawa bai yi ba.

"Yaya, tun yaushe?"

"Wata huɗu ke nan."

Hajiya ta shigo ta ga giɓin. Ba ta yi faɗa ba, tambaya kawai ta yi ko za a iya cikewa da gam. Sammani ya ce za a iya, amma ruwa zai riƙa shiga, kafin shekara ya buɗe, shi kuwa ba zai cuce ta ba. Ta ce babu irin dutsen nan a garin nan, su tattara kayansu, za ta yi magana da ɗanta.

Washegari Sagir ya kai Sammani asibitin ido. Likita ya ce na daman ya riga ya mutu, da ya zo da wuri da wataƙila an ceto shi. Na hagun kuma, in yana son ya rage masa, to ya rabu da ƙurar dutse.

Da suka fito, Sammani ya miƙa wa Sagir mabuɗin shago. Ya ce ya kai shi gida, yana so ya gaya wa matarsa da bakinsa kafin ta ji a gari.