Tabarau a Bokitin Kulob

Alkawarin da na yi wa 'yata Lieneke gajere ne: ranar da na waiwayo daga tsakiyar ruwa na kasa rarrabe hasumiyar cocin garinmu, na daina hawa allon nan da iska ke ja a kan ruwa. Ita so ta yi in daina tun da na cika saba'in. Na tambaye ta me ke cikin saba'in ɗin da babu a sittin da tara, sai muka daidaita a kan hasumiya. Lissafi na koyar har na yi ritaya, na fi yarda da abin da za a iya gwadawa.

Wanda ke tsaye a kan allo, hannu biyu riƙe da ƙyallen da iska ke turawa, ba shi da hannun gyara tabarau, don haka nawa sai da na zauna na zaɓe shi. Mai shagon tabarau ya yi ta lallaɓa ni in ɗauki mai hawa biyu, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu, wai kowa a shekaruna shi yake sawa. Na ce masa ba jarida zan karanta a kan ruwa ba. Na ɗauki na nesa zalla, a baƙin firam ɗin nan mai lanƙwasa, don shi kaɗai yake sayarwa na shiga ruwa. Na ɗaura masa igiyar kulob ɗinmu na masu hawa allo, mai launin ruwan lemo, mai soso a ƙeya don kada ya nutse.

Bana da sanyi ya yi sauƙi muka koma tafkin Grevelingen, farko lafiya lau. Sai wata safiya na hau allo, na duba ƙafafuna, na gan su kamar a ƙasan kwano mai ruwa. Na kai ƙafa inda na saba kaiwa, ashe allon ba nan yake ba. Na faɗa ruwa. Na hau, na sake faɗawa. Da na samu na yi nisa na waiwaya, hasumiyar tana nan idan na sunkuyar da kai, idan na ɗago haɓa sai ta narke. Ban san yadda zan lissafa wannan a cikin alkawari ba. Gani ne, ko rashin gani?

Na ɗora laifin a kan gishiri, na wanke gilashin. Na ɗora a kan igiya, na ƙara tsuke ta har kunnena ya yi ja. A gida kuwa, da tabarau na kullum, ina ganin komai yadda na saba, har ƙurar kan tebur. Lieneke ta ce ai shi ya nuna ba ido ba ne, kai ne, haka jirin tsufa yake farawa. Wani a kulob ya gaya mata an ga kwalekwalen ceto ya kewaya wajena. Ta ce ranar Asabar za ta zo da mota ta ɗauke allon, ta riga ta sami mai so.

Kafin Asabar ɗin na sake fita. Na faɗa ruwa kusa da gaɓa, ina rungume da allo ina mayar da numfashi, sai idona ya sauka a kan agogon hannuna. Na karanta lokaci. Na karanta har ƙananan haruffan da ke ƙasansa, waɗanda tun da na saye shi ban taɓa gani ba sai da tabarau na karatu. Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Wace irin cuta ce ke ƙwace maka ƙafarka ta ba ka agogo?

A rumfar kulob na tarar da Krijn, tsohon mai gyaran gadoji, sa'ana, yana cin burodin kirfa sukari har haɓa. Na ba shi labari. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce haka aka yi wa yayarsa, ganin kusa ya dawo mata daram ana gab da yanar ido ta rufe ta, kowa ya san wannan.

"Kowa wa?" na ce.

"Kowa dai, Malama. Ba komai ne sai an rubuta a allon aji ba."

Daga nan ya juya kan nasa, don Krijn ba ya daɗewa a kan ciwon wani. Wai shi bana ƙuruciya ce ta dawo masa. Ya daina faɗuwa wajen juyawa, ƙafarsa tana sauka daidai inda ya aike ta. Matsala ɗaya ce, agogonsa ya lalace, fuskar ta yi hazo a kan ruwa, amma da ya shigo gida sai ta washe. Har ya mayar wa mai shagon agogo sun yi cacar baki.

Na ajiye kofin kofi na kalli ƙofar rumfa. A nan bokitin yake. Al'adarmu ce, duk wanda ya fito daga ruwa ya jefa tabarau a bokitin ruwan famfo kafin ya shiga shan kofi, wai goge gishiri a bushe yana karce gilashi. Tun tuni nake cewa famfo ma ya isa, amma ina jefawa kamar kowa. Baƙaƙen firam guda biyu suna iyo a ciki, kowanne da igiya ruwan lemo. Ashe a nan ni da shi muka yi musayar tabarau.

"Tsoho, naka mai hawa biyu ne?"

Ya ce sosai ma, mai tsadar, shi ba ya rowa da idonsa.

Sai da na ɗora masa su ɗaya bayan ɗaya a hanci, na sa shi kallon agogo, kafin ya yarda. Ko da ya yarda ɗin bai saki nawa ba. Ya ce in bar masa har ƙarshen kaka, ni na riga na saba da faɗuwa.

"Ka je ka sayi mai arahar," na ce, na zare shi daga hannunsa.

Ranar Asabar Lieneke ta zo da igiyoyin ɗaure kaya a saman mota. Na ba ta labarin bokiti. Ba ta yi dariya ba. Ta ce to, in fita ta gani.

Ƙafafuna sun dawo nawa, wannan babu shakka. Allon yana inda na sa ƙafa. Na bi iska na yi nisa har Lieneke ta zama ɗigo a gaɓa, sannan na waiwaya. Hasumiyar tana nan, ko na ɗaga kai ko na sunkuya. Amma gefunanta sun yi laushi, kuma zakaran ƙarfen da ke samanta ban gan shi ba. Na yi ta ƙoƙarin tuna ko bara ina ganinsa daga nan. Na san yana can, shekara da shekaru ina kallonsa daga kasuwa, to shi ya sa na kasa bambance wanda ido ya gani da wanda kai ya zana. Ko kuwa hazo ne a sararin? Na daɗe ina kallo har iska ta kusa ƙwace mini ƙyallen.

Da na fito Lieneke tana tsaye a bakin ruwa, takalmanta a hannu.

"Mama, kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Sosai?"

"Alkawarinmu bai ce sosai ba."

Ta kalle ni, ta kalli motar. Na ce mata ta kira likitan ido ta samo mini rana, kuma ta raka ni, don ina so a auna, ba a ba ni labarin yayar wani ba. Idan awon ya ce a'a, ni da kaina zan ɗaura mata allon a mota. Sai ta ajiye takalman a yashi, ta kama bayan allon, ni na kama gaba, muka nufi rumfa da shi.